Arusa da Ƙafar Harun

Duk wanda ya shigo gaishe mu yanzu sai ya ce, "Maryam, kin yi ƙoƙari." Ni kuwa sai in ce alhamdulillahi in ja bakina in yi shiru, don in na fara magana shayin gabansa zai huce ban kai rabi ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya in huta. Wanda Allah ya jarrabe shi da jinyar mai karaya ya karanta, ya san abin da ya kusa raba ƙanena da ƙafarsa, alhali muna kewaye da shi muna ta ce masa sannu.

Harun ƙanena ne ciki ɗaya, ni na goye shi. Makaniki ne a layin warshoshi, wato garejoji, na Gadarif a nan Sudan, inda ake gyaran lori da tarakta. Tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu, muka zama mu uku, ni da shi da Inna. Ina niƙa gyaɗa in yi dakwa, niƙaƙƙiyar gyaɗar miya, in kai kasuwa, shi yana fita da safe ya dawo baƙi ƙirin da mai. Ta huɗunmu a gidan ita ce Arusa.

Arusa, wato amarya da Larabci, mota ce, kada wani ya ɗauka mace ce. Ja, mai ƙofa biyu, gawa ya saye ta a bayan shagon wani ɗan kasuwa, kaji na ƙwai a cikinta. Ya yi shekaru yana tayar da ita. Ya canja mata inji, ya sa mata tayoyi masu faɗi, ya yi mata salansa mai ƙara wadda in ya tayar da ita sai jakunan masu kawo ruwa su ɗaga kunne. Sa'an nan ya sauke cikinta ƙasa ƙasa, har kaza ba ta iya bi ta ƙarƙashinta. A Gadarif fa! Garin da in damina ta sauka laka ke haɗiye tarakta. Watannin ruwa duka Arusa tana rumfa a lulluɓe, mu muna shanya a rana don rumfar tata ce. Shekarun nan ne da ake kwana a layin mai, kayan gyara ba sa shigowa ƙasar sai ta bayan fage, 'yan sandan tarbiyya kuma suna tare saurayi don kaset ɗin da ya sa. Kafiretar motar kaɗai sai da ya jira ta kusan shekara, wani direba ya kawo masa daga Bor Sudan a naɗe cikin jallabiya. Inna ta gaji da yi masa zancen aure. Ni kuma, da bakina da komai, ni na ɗinka wa sitiyarinta riga da jan zare da duwatsun ado, don ya roƙe ni.

Lokacin yankan riɗi ne, ranar Talata da la'asar. An kira shi garin Showak ya duba injin wani manomi. Kun san al'adar direbobin lori: in mota ta lalace musu a kan kwalta sai su jera manyan duwatsu a bayanta don masu zuwa su kauce. In sun gyara sai su hau su tafi, duwatsun suna nan. Lori da bas suna bi ta kansu ko su goce. Arusa da cikinta ke shafar ƙasa, da gudun da Harun ke yi, ta hau dutse ta tashi sama, ta yi ta juyawa har cikin gonar dawa.

Ina tsakar gida ina suyar gyaɗa Siddig ya yi sallama. Siddig abokin aikinsa ne, warsharsu ɗaya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya Maryam, Harun ya ɗan gurje a hanya, yana mustashfa, ya ce ki kawo masa ruwan zafi." Asibiti yake nufi. Na dubi gaban rigarsa na ga jini har aljihu. Na ce, "Gurjewa ce wannan?" Ya sunkuyar da kai. Ban san yadda na yafa tob ɗina, mayafinmu na nan, ba, takalmi ma ƙafa ɗaya nawa ƙafa ɗaya na Inna.

Makon farko ban san rana daga dare ba. Asibiti ya cika da 'yan aikin gona, wanda lauje ya yanka, wanda maciji ya sara, wanda zazzaɓi ya kayar. Komai sai ka fita ka sayo, auduga, bandeji, ruwan ƙari, allura, har safar hannun da za a taɓa shi da ita. Ka bi layin hoto a ce wuta ta ɗauke, ka dawo a ce mai ɗauka ya tafi salla. Na yi kuka, na yi masifa, na ba da haƙuri, duk a taga ɗaya. Amma ba zan ci hakkin kowa ba. Samarin warsha sun zo sun cika baranda suna rige-rigen ba da jini. Akwai kuma wata daktora, yarinya ce siririya, da kyar muryarta ke fita don gajiya, ita ta tsaya a kansa har ta tsayar da jinin. Allah ya saka mata, ya jiƙan iyayenta.

Ita ta nuna min hoton a jikin taga. Ƙashin ƙwaurinsa na hagu ya karye wuri biyu, ɗaya ya huda fata ya fito. Ta ce za su riƙa wanke ciwon kullum har kumburi ya sauka, daga nan sai babban asibitin garin Madani, a yi masa aiki a sa masa ƙarfe a cikin ƙashin. Musmar ta kira shi, wato ƙusa.

Da ya farfaɗo muna tsaye a kansa, ni da Inna da Kawu Abakar, yayan Inna, wanda shi ne babba a danginmu tun rasuwar Baba. Harun ya buɗe ido ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Bai tambayi ƙafarsa ba. Ya ce, "Arusa fa?"

Kafin in buɗe baki Kawu ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Gilashi ne ya fashe da fitila ɗaya. Tana hannun 'yan sanda a Showak, kai dai ka warke."

Harun ya yi ajiyar zuciya ya koma barci. Kawu ya ja ni baranda ya ɗaga min yatsa. "Maryam, na san bakinki. Motar nan ta zama gwangwani, amma ba a gaya wa mai ciwo irin wannan. Sai ya miƙe. Kin ji ni?" Na ce na ji. Ban ga laifin maganar ba a lokacin, don a haka muka taso. A wurinmu mutum yana kwance ba a kawo masa labarin asara, ko mutuwa aka yi sai a ce wane ba ya jin daɗi. Ni kaina ai da gurjewa aka kira ni.

A mako na biyu maganar ta fara yin rassa. Masu dubiya suna shigowa da lemo da jabana, butar gahawa, kowa ya ce kaffara, gaisuwar mai ciwo a nan, ya zauna a bakin gado, ya ƙara tasa. Wannan ya ce ya wuce ta Showak ya hango ta tana sheƙi. Wancan ya ce ai har an rufa mata tamfol. Suna ganin taimakonsa suke yi. Abin da ba wanda ya tuna shi ne Harun makaniki ne, ya san abin da ke samun motar da ta kwana a fili ba mai ita. Yau a cire madubi, gobe batir, jibi a wayi gari ba kafireta. Ya daina cin abinci sosai. In na miƙa masa kunu sai ya ce, "Yaya, kafiretar nan babu irinta daga nan har Kasala." In ce, "Sha kununka, ya zol," wato kai malam. Ya ce, "In na tafi Madani wata nawa zan yi? Kafin in dawo sun bar min ƙarfe tsirara."

Nan masu shawara suka samu ƙofa. Wata gwaggonmu ta ce a bar asibiti, wane da aka sa wa ƙusa har yau in hadari ya taso sai ya yi kuka. Wani ya ce akwai basir, mai ɗori, a bayan kasuwar hatsi, hannunsa da albarka, kafin a gama sussukar dawa mutum ya taka. Wani ya kawo man jimina, wata ta kawo rubutu a kwalbar lemo. Harun bai ji komai a ciki ba sai "kafin a gama sussukar dawa". Ya ce gida zai koma.

Daktora ta yi magana har ta gaji. Ya kafe. Kawu ya ce tunda mai ƙafa ya zaɓa a bar shi. Muna fita da shi ta riƙo gefen tob ɗina, ta ce da ni da Larabci, a hankali yadda zan riƙe, "Ya hajja, ki duba yatsunsa kowace safiya. In sun yi sanyi, ko launinsu ya canja, ko kin ji wari, kada ki jira kowa. Sunan abin gargarina, ruɓewar nama, kuma ba ya komawa baya." Wannan kalma ta shiga kaina ta zauna. Ina salla tana nan, ina niƙa tana nan.

Basir ɗin dattijo ne mai natsuwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Da ya ga ciwon a buɗe ya ce bai cika son ɗori a kan rauni ba. Dangi suka yi ta roƙo. Ya ja ƙafar, Harun ya yi ƙarar da har maƙwabta suka leƙo, sa'an nan basir ɗin ya jera sandunan gora ya ɗaure, ya bar 'yar kafa ta wanke ciwo. Ya ce sharaɗinsa ɗaya ne, kada ƙafar nan ta taɓa ƙasa, ko bayan gida a kawo masa inda yake.

Muka shimfiɗa shi a angareb, gadon igiya, a rumfar Arusa, don nan ya ce yana so. Kwanciyarsa ke nan yana kallon ɗigon mai da ta bari a ƙasa. Kowace safiya kafin in ɗora shayi sai in tsuguna in kama yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, in matsa in ga ko jini zai dawo. Ya ce, "Yaya, kin mai da ni akuyar kasuwa." In ce, "Akuya ta fi ka jin magana." Kullum sai ya aika a kira Siddig ya je ya karɓo motar. Siddig ya zo ya tsaya yana murza hula, yau ya ce jami'in ya yi tafiya, gobe ya ce ba a sa hannu ba. Yaron kirki, ƙarya ba ta karɓe shi ba, gumi yake yi kamar mai ɗaukar buhu. Harun ya fara zargin ko an riga an taɓa motar ne ake ɓoye masa. Ya kusa gaskiya, amma ta baya.

Cikin mako na uku dakwa ta taru, abin hannuna kuma ya ƙare a magani, na ce bari in leƙa kasuwa in dawo. Inna na ɗaki tana barcin hantsi. Ina dawowa na hango mutum a bakin ƙofarmu ya dogara da taɓaryata, ƙafa ɗaya a sama, yana ɗaga wa raksha, babur mai ƙafa uku, hannu. Wallahi sai da na ƙara dubawa. Harun ne, zai tafi tashar Showak. Na yar da kwanon da ke kaina na yi kansa da gudu. Kafin in isa taɓaryar ta zame, ya sauke nauyinsa duka a kan karayar. Ba zan manta ƙarar da ya yi ba. Jini ya ɓullo ta tsakanin gorar.

Na zage shi ranar, zagin da ban taɓa yi masa ba tun yana yaro. Yana kwance yana haki ya ce, "Ku ba ku san abin da na zuba a motar nan ba." Na buɗe baki in faɗa masa, maganar ta zo har nan, sai na hango Inna a bakin ɗaki tana girgiza min kai. Na haɗiye.

Zazzaɓi ya sauko masa washegari. Aka ce na sauro ne, aka yi masa allura, bai sauka ba. Ƙafar ta kumbura har igiyar ɗorin ta nutse a cikin nama. Ya daina tsokanata in na kama yatsunsa. Ran nan da safe na tsuguna na taɓa ƙaramin yatsan na ji shi kamar dutsen randa. Na kusa da shi ya yi duhu. Na kai hancina kusa da bandejin, na tashi na zaga bayan ɗaki na dafa bango.

Na aika aka kira basir. Ya kwance, ya duba, ya mayar da zanen a hankali. Ya ce, "Wannan ya fi ƙarfina. Ku kai shi Madani yau, kada ku bari rana ta faɗi." Ina gode masa har gobe da bai tsaya kare sana'arsa ba.

Harun, jiki na rawa, ido ja, ya ce ba inda za shi sai an bi da shi ta Showak ya ga Arusa ya kulle ta da hannunsa, ko a kawo ta gidan nan. Showak tana gabas, Madani tana yamma. Na durƙusa na roƙe shi. Inna ta yi kuka ta ce za ta ɗaga masa nono. Ya juya kai ya ce in an ɗauke shi da ƙarfi zai diro daga motar, kuma na san zai aikata.

Na sami Kawu a waje na ce, "Kawu, a gaya masa."

Ya ce, "Da wannan zazzaɓin? Kina so zuciyarsa ta buga? A lallaɓa shi dai, a ce Siddig ya tafi ɗauko ta. Bayan aiki sai a san yadda za a yi."

Na ce, "Lallaɓawar ce ta kai mu nan."

Ya ce, "Maryam, ni kike mayar wa magana?"

Ban taɓa ba, tunda nake. Na sunkuyar da kai na ce ya yi haƙuri, na shiga na ɗauki tob ɗina na fita ta ƙofar baya. Tafiya nake ina cewa in na faɗa masa ya mutu fa, me zan ce wa Inna? In ban faɗa ba aka yanke ƙafar fa?

Na isa warsha na ce wa Siddig, "Ina take?" Bai yi musu ba. Ya zaga da ni baya, wurin da suke tara tsofaffin ƙarafa, ya janye buhunan da aka rufa. Ashe tun makon farko ya jawo ta Gadarif. Duk wannan hauka da ake yi, Arusa tana nan tsakaninta da gidanmu bai fi tafiyar shan shayi ba. Innalillahi. Rufin ya haɗe da kujera. Gefen direba ya shige ciki kamar an taka gwangwanin madara. Na tsaya ina neman ta inda ɗan Adam zai fito daga wannan da rai, ban gani ba. Na ce ya ciro min sitiyarin. Ya lanƙwashe kamar tsohon faifai, rigar da na ɗinka masa tana jiki, jini ya bushe a kan duwatsun.

Na shigo gida da shi a cikin tob. Kawu na zaune a kan tabarma, mata sun cika tsakar gida. Ban dubi kowa ba. Na je na ɗora wa Harun a ƙirji.

Ya ɗaga shi ya juya. Ya shafa inda ya lanƙwashe.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun ranar. Tana bayan warsharku. Babu abin da za a gyara, Harun, na gani da idona."

"Injin?"

"Ya tsage."

Ya dubi Kawu, ya dubi Inna, ya dubi matan da suka yi ta ce masa sun hango ta tana sheƙi. Ya ce, "Kowa ya sani?"

Na ce, "Har mai kawo mana ruwa."

Ya juya fuska bango, sitiyarin a rungume. Kafaɗunsa suna motsi. Na tsaya ina kallon bayansa ina ƙirga numfashinsa, ina jiran abin da Kawu ya ce zai faru. Kawu ya miƙe ya ce, "Kin kyauta," ya sa takalmi. Bai kai ƙofa ba Harun ya yi magana, bai juyo ba. Ya ce, "Ku kira mota."

A bayan boksi, motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya, muka kwantar da shi da angareb ɗin gaba ɗaya, ni na riƙe ƙafar a cinyata har Madani. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar a ƙashina. Kawu ya zauna gaba, yana fushi da ni, amma ya zo, kuma shi ya yi ta shiga da fita da takardun asibiti da tsufansa. Wannan ma ban manta ba.

Likitan da ya karɓe mu ya buɗe ƙafar ya yi mana faɗa kamar yara, kuma mun ci faɗan. Ya ce za su yanke abin da ya mutu su wanke, su jira su gani. In baƙin ya haura, to daga gwiwa za a yanke. Ya ɗauki alƙalami ya ja layi a fatar, ya ce in ya wuce nan a kira shi. Aka cire yatsu biyu ran nan.

Makonnin da suka biyo baya layin nan na zauna ina gadi. Ina kwana a ƙasa kusa da gadonsa a kan buhu, cikin matan da ke jinyar nasu, muna dafa shayi a gawayi ɗaya a bayan katanga. Wata mata daga Sinnar da ban taɓa gani ba ta riƙa raba kisrarta, gurasar dawa, da ni. Awarwarona suka tafi, 'yan kunnen Inna suka bi su. Duk safiya kafin a zo wanki sai in ɗaga zanen in duba, jan ya matso ko bai matso ba? Wani lokaci idona ya ce ya matso, in fita da gudu in kira mai jinya, ya zo ya ce, "Malesh, yi haƙuri ya hajja, yana inda yake." Wari, ƙuda, kukan wanda ake wanke wa ciwo a gadon kusa, duk na saba. Abin da ban saba ba shi ne shirun Harun. Ba ya yi min magana. In ba shi abinci ya karɓa, in juya shi ya juyu, in ce sannu ya kalli rufi. Na ce a raina, yi fushinka, ƙafar dai nake so.

Da ciwon ya fara ja da baya ya yi jan nama mai kyau, likita ya ce yanzu za a iya sa ƙarfen, amma sai mun sayo shi da kanmu. Ba mu da sauran abin sayarwa. Ina zaune a bakin gado na haɗa kai da gwiwa, ina lissafin wa zan je wa a dangi da ban riga na je ba, sai na ji murya a kaina.

"Yaya."

Na ɗago da sauri har wuyana ya amsa.

"Kafiretar ta fashe?"

Na ce Siddig ya ce ita kaɗai ta fita lafiya, da tayoyi uku.

Ya ce, "Ki aika masa ya sayar. Kada ya ba 'yan gwangwan, akwai wani a Kasala da ya daɗe yana bina a kanta. Sauran kuma a auna." Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen kunnensa. Na kai hannu zan share ya kauce, amma bai ture ni ba.

Ƙarfen da ke cikin ƙafar Harun yau, Arusa ce ta saye shi. Aikin ya yi kyau, alhamdulillahi. Ƙafar ta ɗan gajarce, idon sawun ya ƙage, ba zai ƙara taka kuloci yadda yake yi da ba. Amma tana jikinsa, da ita yake zuwa masallaci, da ita yake tsayawa a kan injin tarakta, don yanzu can ya mai da hankalinsa. Rumfar kuma ta zama ta shanya.

To, ga abin da nake so mai jinya ya riƙe. Karayar da ta huda fata ba ta ɗori ba ce, ko wa ya ba ka labarin albarkar hannu. Ka duba yatsu kullum, ka yarda da hancinka. Sa'an nan wannan ɓoye-ɓoyen namu, na san don tausayi muke yi, ban ce a shiga wa mai ciwo da mugun labari yana cikin jini ba. Amma in kun ga abin da kuka ɓoye shi ne yake tayar da shi daga kan gado, ku faɗa masa. Harun bai mutu da jin gaskiya ba. Yatsunsa biyu kuwa suna Madani.

Ranar da aka sallame mu muka hau bas, ni da shi da Kawu. Mun wuce garin Faw da kaɗan Harun ya ɗaga sandarsa ya buga jikin mota ya ce direba ya tsaya. Na ɗauka ƙafar ce, har na fara salati. Ashe duwatsu ya hango a jere a kan kwalta, lorin da ya ajiye su ya daɗe da tafiya. Fasinjoji suka fara gunaguni. Ya sauka da kyar, ni ina bayansa ina cewa, "Harun, don girman Allah, ƙarfen bai zauna ba!" Bai saurare ni ba. Ya ɗingisa har wurin, ya miƙo min sandar, ya sunkuya ya mirgina na farko zuwa gefen hanya. Ina riƙe da rigarsa ta baya, ido ɗaya a kan ƙafar, ɗaya a kan hanya kada wata mota ta ɓullo. Da ya kama na biyu sai wasu maza suka sauko suka kwashe sauran.

Muna komawa wajen bas yana haki, gumi ya jiƙa masa wuya, ya tsaya ya dubi sawunsa a ƙasa. Ya ce, "Ɗingishin ya yi yawa?"

Kawu daga taga ya ce, "Ina! Ko kaɗan. Wanda bai sani ba ba zai ma lura ba."

Harun bai dube shi ba. Ni ya duba. Ya ce, "Yaya, ke nake tambaya."

Na ce, "Ya yi yawa. Daga ƙarshen layi za a gane kai ne."

Ya gyaɗa kai. Ya karɓi sandarsa, ya ɗora ɗaya hannun a kafaɗata, ya sa ƙafar hagun a kan matakalar bas ya hau.